Inda Ido Ke Sauka: Tarihin Saitin Ƙaramar Bindiga

Saitin ƙaramar bindiga wasu 'yan ƙarafa ne guda biyu da ke bisa bayanta. Ɗaya yana gaba kusa da baki, a tsaye kamar ɗan turke, ɗayan yana baya da tsaga a tsakiyarsa. Maharbi yakan leƙa ta cikin tsagar, ya kawo turken tsakiya, ya daidaita kansa da kafaɗun tsagar, sannan ya ɗora su a kan abin da yake bara. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa abubuwa uku ne ke jere a gaban ido, kowanne da nisansa: saitin baya yana wajen santimita 60 daga fuska idan an miƙe hannu, saitin gaba ya ɗara shi da kamar taƙi guda, abin bara kuma yana can mita 5, ko 25, ko 50. Ƙwayar idon ɗan Adam tana da wata tsoka da ke lanƙwasa madubinta domin ta ga abu garau a nisa ɗaya tak a lokaci guda. Duk abin da ke gaba ko bayan wannan nisa dishi-dishi za a gan shi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Shekaru ɗari biyar da aka yi ana ƙera saiti, ana gardama a kansa, duk a kan tambaya ɗaya suka tafi: cikin ukun nan, a kan wanne ido zai sauka?

Ƙananan bindigogin farko, waɗanda suka bayyana a Turai a farkon ƙarni na 16, yawancinsu ba su da saitin kirki, wasu ma ba su da shi sam. Makamin barade ne. Sojojin dokin Jamus da ake kira Reiter sukan sukwano har su kusa haɗa ƙirji da abokan gaba, su saki wuta, su juya baya su sake ɗuri. Cikin bututun sumul yake, dunƙulen dalmar kuma bai cika shi ba, saboda haka da zarar nisa ya wuce 'yan taku, inda harsashi zai faɗa sai Allah. Mutumin da ke kan doki mai gudu, linzami a hannu ɗaya, bindiga a ɗaya, ba abin da tsaga da turke za su yi masa. Nuni yake yi da ita kamar yadda ake nuni da yatsa.

Fito-na-fito tsakanin manyan mutane, wanda daga shekarun 1770 aka koma yin sa da bindiga maimakon takobi a Ingila da Ailan, shi ya fara sa maƙera suka kula da yadda bindiga ke zama a hannu. Maƙeran Landan irin su Robert Wogdon, da 'yan'uwan nan biyu John da Joseph Manton, sun shahara wajen ƙera tagwayen bindigogi masu ƙotar da idan mutum ya ɗaga hannu, baki zai nufi inda ido ke kallo ba tare da an gyara ba. An sa musu ɗan saiti gaba da baya, amma al'adar Ingila ta ɗauki tsayawa a yi dogon bara a matsayin rashin mutunci, alamar mutum kisa ya zo yi ba wanke suna ba. Nisan kuma bai cika wuce taku goma sha biyu ba.

Libarba ce ta sauya lissafi. Samuel Colt ya sami hakkin mallakar ƙirarsa a Amurka a 1836, kuma bututunta yana da zanen da ke murɗa harsashi ya tafi sak ba tare da kaucewa ba. Sai bindiga ta fi saitinta kyau. A samfurin da ake kira Navy na 1851, saitin baya 'yar tsaga ce da aka yanka a kan gudumar da ke dukan harsashi, wadda ba a ganinta sai an ɗana, kuma da an ja kunama ta faɗa ta ɓace. Na gaba ɗan tsinin tagulla ne. A samfurin soja na 1873 ma wani siririn kwari ne aka tona a saman firam, da 'yar siririyar ƙusa a gaba. Duk da haka mai natsuwa yana iya abin mamaki da su. Ranar 21 ga Yuli 1865, a dandalin garin Springfield na jihar Missouri, Wild Bill Hickok ya harbe Davis Tutt daga nisan da aka ƙiyasta ya kai yadi 75, wato kusan mita 70. Wannan harbi ba na nuni da yatsa ba ne, na wanda ya tsaya ya duba saiti ne, ko da yake finafinan kaboyi daga baya sun cika duniya da hoton mai harbi daga ƙugu.

Saitin da aka sani a yau daga filin gasa ya fito. A ƙarshen ƙarni na 19 harbin allo da ƙaramar bindiga ya zama wasan masu hali a Faransa da Ingila da Amurka, har ya shiga gasar Olamfik ta farko a Atina a 1896, inda 'yan'uwa biyu Amurkawa, John da Sumner Paine, kowannensu ya zo na ɗaya a rukuninsa. Masu gasar wancan zamani sun fi amfani da ɗan ƙwallo a gaba da tsaga mai siffar kwari a baya. Matsalar ƙwallo ita ce ba shi da kai miƙaƙƙe da za a daidaita da komai, kuma idan rana ta haska gefe ɗaya nasa, sai ido ya ɗauka nan ne tsakiya, harsashi ya kauce. A shekarun 1890 wani maharbin Amurka, E. E. Patridge, ya kawo gyaran da har yau sunansa yake ɗauke da shi: turke baƙi mai kusurwa huɗu, kai a shafe, cikin tsaga mai kusurwa huɗu wadda ta ɗan fi shi faɗi. Da wannan ƙira ido ya sami abu biyu da zai auna. Kan turke ya yi layi ɗaya da kafaɗun tsaga, haske kuma da ke ratsowa ta hagu da dama ya zama daidai wa daida. Ido ya ƙware ƙwarai wajen gane ko ratsin haske biyu sun yi daidai, fiye da yadda ya ƙware wajen gane tsakiyar ƙwallo.

A nan ne koyarwar kallon saitin gaba ta kafu, kuma tana da hujja ta lissafi wadda ya kamata a tsaya a kanta, domin duk gardamar da ta biyo baya a cikinta take. A ɗauki bindigar da tsakanin saitinta biyu ya kai santimita 15. Idan hannu ya ɗan yi rawa, bindigar gaba ɗaya ta gusa santimita ɗaya zuwa hagu amma turke yana nan tsakiyar tsaga, harsashi ma santimita ɗaya kawai zai gusa, komai nisa. Idan kuwa turken ne ya kauce daga tsakiyar tsaga da milimita ɗaya, bututun ya karkata ke nan, kuma karkatar tana ƙaruwa da nisa. A mita 25 wannan milimita ɗaya tana zama kusan santimita 17. A mita 50 ta ninka. Saboda haka kuskuren da ke tsakanin saiti da saiti ya fi kuskuren da ke tsakanin saiti da allo haɗari nesa ba kusa ba, kuma ido ba zai ga milimita ɗaya ba sai yana kallon turken garau. Shi ya sa malaman harbi suka ce a bar allo ya yi dishi-dishi, a ƙura wa saitin gaba ido. Masu gasa har suka koma saita bindiga yadda za su ɗora kan turke a ƙarƙashin baƙin da'irar allo, domin baƙin turke kada ya narke cikin baƙin da'ira. Amma wannan lissafi yana da ɗaya fuskar. A mita 5, kaucewar milimita ɗaya ba ta wuce santimita uku da 'yan kai. Ga wanda yake harbin abu mai faɗin ƙirjin mutum a wannan nisa, wannan ba komai ba ne.

Sojoji ba su damu da darasin Patridge da wuri ba. Jamusawa sun tafi can ƙarshe guda: Mauser ta 1896 an yi mata saitin baya mai hawa-hawa da aka rubuta har mita 1000, doguwar Luger ta 'yan igwa kuma har mita 800, nisan da ko an ɗaura musu gindin katako a kafaɗa, samu sai dai sa'a. Amurkawa suka tafi ɗaya ƙarshen. Bindigar John Browning da sojojinsu suka karɓa a 1911 ta zo da saiti ƙanana ƙwarai, wanda ko da rana tsaka sai an yi da gaske ake kama shi, har sai da aka ɗan faɗaɗa na gaba a gyaran da aka yi mata a tsakiyar shekarun 1920. Horon kuwa irin na gasa ne: a tsaya a gicciye, hannu ɗaya a miƙe, a rufe ido ɗaya, a ja kunama a hankali.

Wanda ya fara ƙalubalantar wannan horo da hujjar jini shi ne William Ewart Fairbairn, Bature ɗan Ingila da ya shiga rundunar 'yan sandan yankin baƙi na birnin Shanghai a 1907. Shanghai ta wancan lokaci gari ne na 'yan fashi da masu garkuwa da mutane da dillalan ofiyam, kuma 'yan sanda suna mutuwa a lunguna duk da cewa sun ci jarrabawar harbin allo. Fairbairn ya riƙa bin diddigin kowace arangama, yana tambayar waɗanda suka tsira abin da suka yi. Abin da ya gano shi ne yawancin harbe-harben a cikin duhu ko hasken da bai kai ya kawo ba ake yin su, a nisan da bai wuce yadi huɗu ba, kuma cikin ƙiftawar ido ake gamawa. Mutumin da aka nuna wa bindiga yakan durƙusa kaɗan, ya fuskanci haɗarin gaba da gaba, ya damƙe ƙota da ƙarfi, idanunsa biyu a buɗe a kan wanda ke son kashe shi. Ba wanda ya tuna da turke. Sai Fairbairn ya yanke shawarar gina horo a kan abin da jiki zai yi ko an so ko ba a so ba: a kalli abokin gaba, a ɗago hannu a tsakiyar jiki, a harba biyu-biyu da sauri. Ya gina ɗakin horo mai duhu da allunan da ke ɓullowa ba zato. Shi da abokin aikinsa Eric Anthony Sykes suka tattara wannan a littafinsu Shooting to Live na 1942, inda suka ba da lissafin arangama 666 da rundunar ta yi cikin shekara goma sha biyu da rabi. Abin da mabiyansu da masu sukarsu duka suka cika mantawa shi ne, su biyun sun koyar da cewa idan nisa ya ƙaru a kama bindiga da hannu biyu a yi amfani da saiti.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗa wannan hanya. Fairbairn da Sykes sun koyar da kwamandojin Birtaniya da 'yan leƙen asiri a Sikotilan daga 1940, daga baya Fairbairn ya haye Kanada da Amurka. Ɗalibinsu Ba'amurke, Rex Applegate, ya ɗan gyara ta: ya ce a miƙe hannu a ɗago bindiga har layin ido, amma ido ya zauna a kan abin bara. Dalilin karɓuwarta a fili yake, domin ana iya koya wa mutum ita cikin 'yan kwanaki da harsashi kaɗan. Bayan yaƙi hukumar FBI da 'yan sandan Amurka da dama suka ci gaba da koyar da harbi daga ƙugu a durƙushe a nisan yadi bakwai.

Juyin ya zo daga wani wasa a bakin tafkin Big Bear da ke kan duwatsun Kalifoniya. A ƙarshen shekarun 1950 wani tsohon hafsan sojan kundumbalar ruwa, Jeff Cooper, ya riƙa shirya gasar zare bindiga da sauri, mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, kowa yana ƙoƙarin riga ɗan'uwansa fasa balan-balan a nisan yadi bakwai. Kusan kowa daga ƙugu yake harbi, irin na fim, kuma akan ga ƙwararru sun zazzage harsashi shida cikin sauri ba su sami komai ba. Wani mataimakin sharif na gundumar Los Angeles, Jack Weaver, ya zo da wata dabara: ya kama bindiga da hannu biyu, ya ɗago ta har gaban ido, ya saci kallon saiti, sannan ya harba. An yi masa dariya da farko, domin ya fi kowa jinkirin harbin farko da ɗan abin da ba a rasa ba. Sai dai harbinsa na farko yana samu. A 1959 ya lashe gasar, kuma cikin 'yan shekaru duk mai son ya ci sai ya kwaikwaye shi. Cooper ya ɗauki wannan ya mai da shi tsari. Jigon tsarin a wajen ido shi ne kallon saiti na walƙiya: riƙo da tsayuwa ne ke kawo bindiga kan layi, ido kuma ya sauka a kan saitin gaba na ɗan lokaci ƙanƙani domin ya tabbatar, ba domin ya gyara ba. A 1976 ya buɗe makarantarsa ta Gunsite a jihar Arizona, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar gasar harbi ta duniya, IPSC, a garin Columbia na Missouri, shi ne shugabanta na farko, takenta kuma kalmomin Latin uku ne masu nufin daidaito da ƙarfi da sauri.

Daga nan aka shafe shekaru kusan talatin ana cacar baki tsakanin 'yan Applegate da 'yan Cooper a mujallun bindiga na Amurka, kowane ɓangare yana da shaidunsa. 'Yan Cooper sukan kawo labarin Jim Cirillo na rundunar kwanton ɓauna ta 'yan sandan New York, wadda ta yi aiki daga 1968 zuwa 1973. Ya ba da labarin cewa a arangamarsa ta farko ya ga saitin gabansa garau har da zane-zanen da ke jikinsa. Ɗaya ɓangaren sukan kawo rahotannin 'yan sandan New York baki ɗaya, inda yawancin jami'an da suka yi harbi suka ce ba su yi amfani da saiti ba. Wani nazari da cibiyar RAND ta fitar a 2008 ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006, a arangamar da ake mayar wa 'yan sandan birnin wuta, kashi 18 cikin ɗari na harsasansu ne kawai suke samu. Kowane ɓangare ya karanta wannan adadi yadda ya yi masa daɗi: waɗannan suka ce ga sakamakon barin saiti, waɗancan suka ce ga sakamakon koya wa mutum abin da ba zai iya yi ba idan tsoro ya kama shi. Hukuncin adalci shi ne lissafin milimita ɗaya ya riga ya raba gardamar tun kafin a fara ta. Fairbairn yana maganar yadi huɗu ne cikin duhu da ɗan sandan da ya sami horon kwanaki, Cooper kuma yana maganar mutumin da ya harba dubban harsasai kuma ana iya buƙatar ya sami abu a yadi ashirin da biyar.

Maƙera a nasu ɓangaren suka shiga neman yadda saiti zai jawo ido da kansa. Aka sa jan roba a jikin turken libarba, aka zana farin layi kewaye da tsaga, aka fito da fararen ɗigo uku, biyu a baya ɗaya a gaba, a jera su a layi. Glock, da ta fito daga Ostiriya a farkon shekarun 1980, ta zo da farin ɗigo a gaba da farin zane mai kama da ƙoƙo a baya. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Trijicon ya fara sayar da saitin dare: 'yar kwalba ƙanƙanuwa cike da iskar tiritiyam, cikinta shafe da sinadarin da ke ƙyalli idan iskar ta taɓa shi. Ba ya bukatar batir, amma ƙarfin iskar yana raguwa da rabi duk shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka hasken yakan dushe a canja shi. Ɗigo uku masu launi ɗaya suna da aibi a cikin duhu, domin mutum yana iya jera su a layi alhali na gaba yana gefe ba a tsakiya ba, kuma biyun baya da suka fi kusa da ido sukan fi haske su janye kallo. Wannan ya sa aka koma bambanta launi, ko ɗigo ɗaya bisa ɗaya, ko a bar baya baƙi ƙirin. Masu gasa kuwa suka rungumi siririn zaren roba mai tara hasken rana ya fito da shi a baki kamar garwashi, ja ko kore. Faɗin turke ma ya zama abin zaɓi. Siriri, wajen milimita 2.5, cikin tsaga mai faɗi, yana barin haske da yawa, ana kama shi da sauri kuma ba ya rufe ƙaramin abin bara. Mai kauri cikin matsattsiyar tsaga yana nuna ƙaramar kaucewa amma yana cin lokaci.

Masu gasar IPSC ne suka fara cewa tambayar ba ta da amsa ɗaya. Brian Enos, a littafinsa na 1990, ya rarraba kallo zuwa matakai, daga harbin da ido ke kan allo gaba ɗaya, zuwa wanda ake ganin saiti dishi-dishi, zuwa wanda ake ƙura wa turke ido har a ga tashinsa da saukarsa. Ma'auninsa shi ne maharbi ya ga iyakar abin da wannan harbin yake bukata, kada ya rage, kada ya ƙara. Mai da ido daga nesa zuwa kusa yana cin wani yanki na daƙiƙa, kuma a gasar da ake raba maki da lokaci, wanda ya yi haka a kan babban allo na kusa ya yi asara. Daga baya zakaru irin su Ben Stoeger suka wuce nan, suna koyar da a zuba ido a kan ƙaramin wuri a jikin allo ko da saitin ƙarfe ne, a bar turke mai haske ya shigo cikin gani da kansa. Binciken Joan Vickers ta Jami'ar Calgary da Bill Lewinski, wanda aka buga a 2012, ya ƙarfafa wannan ta wata fuska. Sun sa wa 'yan sanda na'urar bin motsin ido a wani gwaji mai kama da gaske, suka ga ƙwararru suna kafe ido a kan wanda ake zargi da abin da ke hannunsa su kawo bindiga kan layin kallon, sababbin shiga kuwa sukan sauke ido su nemi saitinsu a daidai lokacin da ya fi muhimmanci, har wasu su harbi mai riƙe da wayar hannu. Wannan batu ya wuce na maki. Idon da ke kan turke ba ya tantance abin da ke hannun mutum.

Mafitar da ta kauce wa matsalar gaba ɗaya ta girmi wannan gardama. A 1900 Howard Grubb, maƙerin madubin hangen taurari a Dabilin, ya sami hakkin mallakar wani saiti da ke haska alama a kan gilashi mai lanƙwasa, ta yadda ido zai gan ta kamar tana can nesa tare da abin bara. Jiragen yaƙi suka ci moriyarsa a Yaƙin Duniya na Biyu, amma ya yi girma ga bindigar hannu. Sai da aka sami ƙaramar fitilar lantarki ja mai cin wuta kaɗan, kamfanin Aimpoint na Siwidin ya fito da saitin jan ɗigo a 1975. A 1990 Jerry Barnhart ya ci gasar ƙasa ta Amurka da jan ɗigo a kan ƙaramar bindiga, a shekarar kuma Doug Koenig ya ci gasar duniya ta IPSC a Adelaide ta Ostireliya da irinsa. Ba da daɗewa ba aka raba gasa gida biyu, domin masu saitin ƙarfe ba sa iya ja da su. Da jan ɗigo babu abu uku da za a jera. Ido biyu a buɗe, kallo a kan abin bara, ɗigo yana yawo a kansa, inda yake nan harsashi zai je. Ga wanda ya haura shekara arba'in, madubin idonsa ya fara taurin da ba ya ganin abu na kusa garau, wannan babbar rahama ce.

Na'urorin farko manya ne, a jikin firam ake ɗaure su, ba sa shiga kube. Ƙalubalen shi ne a yi ƙarami wanda zai zauna bisa murfin da ke zamewa baya da ƙarfi a kowane harbi ba tare da ya lalace ba. RMR na Trijicon, da ya fito a 2009, yana cikin na farko da suka jure wannan duka. A 2015 Glock ta fara sayar da bindigogi masu gurbin da aka riga aka yanka domin saka shi, sannan a 2017 sojojin Amurka suka zaɓi bindigar SIG Sauer a matsayin M17, ita ma da gurbin a samanta. Jan ɗigo yana da nasa lalurori. Batir yana ƙarewa, ruwan sama da ƙura suna toshe gilashi ko fitila, mai wata irin larurar ido yakan ga ɗigon ya baje kamar tauraro mai wutsiya, kuma sabon shiga yakan ɗago bindiga ya tarar tagar babu komai, ya shiga jujjuya ta yana neman ɗigo. Wannan na ƙarshe laifin riƙo ne, wanda saitin ƙarfe yake ɓoyewa, gilashi kuma yake tonawa. Shi ya sa har yanzu ake sa dogayen saitin ƙarfe a bayansa ko gabansa domin ranar da ya mutu. Kuma ba wani saiti, na ƙarfe ko na gilashi, da ke gyara yatsan da ya fizgi kunama.

Wuri ɗaya da koyarwar Patridge ta zauna daram shi ne harbin Olamfik, inda dokar hukumar ISSF ta haramta gilashi da fitila a kan ƙaramar bindiga, sai buɗaɗɗen saitin ƙarfe kawai. A gasar bindigar iska ta mita 10, da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, kuma maharba sukan sa tabarau na musamman mai kawo turke garau, da ƙaramar kafa mai tsuke haske, da marufi a kan ɗaya idon. Ranar 30 ga Yuli 2024, a gasar Faris, Yusuf Dikeç na Turkiyya mai shekara 51 ya tsaya da tabarau irin na kullum, ba marufi, hannu ɗaya a aljihu, shi da abokiyar gasarsa Şevval İlayda Tarhan suka ci azurfa a rukunin mace da namiji.